Gida Ɗaya, Ɗalibi Ɗaya

"Uwata! Uwata ta kaina, kina ciki?"

Takwara ta ɗaga dutsen guga daga kan farar rigarta ta lab, ta dubi Kaka. Kaka ma ita take kallo, hannunta cikin firji tana jera ledojin ƙanƙara. Dukansu sun san muryar. Baffa ba ya kiran yarinyar nan "uwata" sai in da abin da yake so. Sauran ranaku "ke" ce, ko "waccan".

Sunan Kaka aka sa mata, shi ya sa tsohuwar ke ce mata Takwara, har sunan ya bi ta makaranta. Mahaifinta ya rasu tana 'yar firamare, mahaifiyarta ta bi shi ba da jimawa ba, sai ta dawo hannun Kaka a ɗakin baya na gidan Baffa, yayan mahaifinta. Ɗakin dai a gidan Baffa yake, ba mai musu. Amma abin da ake ci a cikinsa da abin da ake sawa, daga tsohon firjin da marigayi ya bari yake fitowa. Kaka ta sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi, su sayi shinkafa da sabulu. Shi kuwa Baffa shagunan kayan gini gare shi har biyu a bakin titi, amma in ka ji shi yana ba mutane labarin nauyin da ke kansa, ga uwa tsohuwa ga marainiya, sai ka ji kamar ka ciro abin aljihunka ka ba shi.

Ya ɗaga labule ya shigo, bakin nan har kunne, ya durƙusa ya gaida Kaka.

"Inna, albishirinki! Injiniya ya samu shiga. Sunansa ya fito!"

Injiniya babban ɗansa ne. Tun yaron yana rarrafe uban ya laƙaba masa sunan, ya kuma sha zama jarabawar shiga jami'a ana cewa sai wata shekara. Takwara ta yi tsalle har ta kusa kifar da dutsen gugan.

"Kai, alhamdu lillahi! Baffa, wallahi na yi murna. Ashe tare za mu riƙa tafiya da Yaya!"

"To, ai maganar ke nan, uwata," in ji Baffa, ya ja kujera ya zauna. "Maganar tallafin nan."

Nan take murnar ta koma ciki. Tallafin karatu na gwamnatin jiha shi ne kaɗai abin da ya tsaya tsakanin Takwara da zaman gida. Shi ke biya mata kuɗin makaranta da na littattafai, tana karatun gwaje-gwajen asibiti, ta ci rabi saura rabi. Hukumar tallafin kuma tana da doka wadda kowane ɗalibi ya haddace: gida ɗaya, ɗalibi ɗaya. Wanda ya riga shiga shi ke riƙe da gurbin har ya gama. Ba mai karɓe masa, ko da ubansa ne, sai in shi da kansa ya tsaya gaban kwamitin tantancewa da ke zama farkon kowace shekarar karatu, ya buɗe baki ya ce ya janye.

"Kin ɗanɗana, ai kin gode Allah," Baffa ya ci gaba. "Yanzu sai ki bar wa ɗan'uwanki. Ranar tantancewa ki ce musu kin janye, shi ke nan, ba wani dogon turanci."

"Baffa... in na janye, wa zai biya mini?"

"Biyan me? Ke mace ce, ina za ki kai takarda? Yaron nan mai kwafi da ke ta turo mini manyansa ina ce musu su dakata, to na sauko. Ki janye yau, gobe in sa rana."

Kaka ta rufe firjin da ƙarfi har kwanon da ke kansa ya yi ƙara.

"Kai! Yanzu auren 'yar ƙaninka ka mayar kayan ciniki? Kai da ke sauke tirelar siminti, ka rasa kuɗin makarantar ɗanka sai na bakin marainiya?"

"Inna, ba ki san yadda kasuwa take ba. Kuma abin gwamnati ai na kowa ne. In ana rabo a gidana, ɗana ya fi cancanta."

"Allah wadan naka ya lalace!"

Baffa ya miƙe yana kaɗe riga. A bakin ƙofa ya juyo, kuma a lokacin "uwata" ta riga ta ƙare.

"Ke, ki yi tunani. Ba janyewa, ba aure."

Takwara ta sunkuya ta ga dutsen gugan ya bar tabo ruwan ƙasa a aljihun rigar. Ta zauna a bakin gado ta fashe da kuka.

Shagon Mai Kwafi ɗan ƙaramin ɗaki ne a jikin katangar jami'a, kusa da ƙofar shiga. Inji biyu, kwamfuta ɗaya, fanka mai kuka, da warin tawada da takarda mai zafi. Duk ɗalibai Mai Kwafi suke ce masa, shi ma ya amsa. Yadda suka haɗu da Takwara abin dariya ne. Tana shekarar farko ta kawo handawut, wato takardun darasi, a buga mata, da ta dawo karɓa sai ya ce, "Malama, shafi ɗaya ya ɓace a tsakiya. Ana maganar jini sai kawai aka faɗa maganar fitsari." Ta tsaya tana kallonsa. Ashe duk takardar da ta bi ta injinsa sai ya karanta ta.

Shi ma ya taɓa zama ɗalibi, da wannan tallafin. Shekara ɗaya ya yi, ƙaninsa ya samu shiga, mahaifinsu ya ce babba shi ne mai haƙuri. Ya je gaban kwamiti ya ce ya janye, ya dawo bakin ƙofar da ya fita ya kama haya.

Ranar da Takwara ta iso, idonta a kumbure, ta tarar da shi yana fara'a irin wadda ba ta saba gani ba. Ya kori ɗaliban da ke layi da cewa inji ya yi zafi, ya ja mata benci.

"Baffa ya kira ni jiya," ya ce. "Har shayi ya sa aka kawo mini, Takwara. Ni! Mutumin da ko gaisuwata ba ya amsawa."

"Sai ka sha."

"Na sha mana. Ya ce in kin yarda, kafin ƙarshen semistan nan an gama komai."

"In na yarda da me?"

Ya sosa ƙeya. "Kin sani ai. Ki saurare ni, filis. Ba cewa na yi ki bar karatu har abada ba. Mu yi auren, in kasuwa ta buɗe in mayar da ke da kuɗina."

"Da wane kuɗin? Na injin da kullum sai ka buga masa mari kafin ya tashi?"

"Takwara, na gaji da jira! Tun yaushe manyana ke sintiri a gidanku? Umma kullum sai ta ce wai kina jan ni ne har ki gama ki auri likita. Ni ma fa na janye wa ƙanina, ga ni, ban mutu ba."

Ta miƙe tsaye. Takaici ya cika ta, don da Baffa ne ya faɗi haka da ba ta ji zafi ba. Baffa ba a tsammanin komai daga gare shi. Amma wannan, wanda ke riƙe mata littafi yana yi mata tambayoyi kafin tes!

"Ba ka mutu ba, gaskiya ne. To me ya sa kake karanta handawut ɗin mutane a ɓoye? Me ya sa duk ranar bikin yaye ɗalibai kake rufe shago ka ce kanka ke ciwo? Ranar da aka fi ciniki! Ka ɗauka ban lura ba?"

Ya kau da kai ya hau gyara takardu. Ta ci gaba:

"Abin da aka yi maka yana cin ka har yau, shi ne kake so a yi mini, kuma da hannunka? Don kofin shayi? Wallahi ka ba ni kunya!"

Ta fizgi jakarta ta fita. Ya bi ta da "Sori, tsaya mana," ko waiwaye ba ta yi ba. Ya dawo ya zauna, fanka na ta kukanta, ya daɗe yana kallon tarin takardun da ke jiran a haɗa.

Washegari da hantsi ya rufe shago ya nufi wurin Baffa. Ya same shi a kan kujera tsakanin buhunan siminti da gwangwanayen fenti, yana ba yaran shago umarni. Baffa ya washe baki.

"A'a, surukina! Ka shawo kanta?"

Mai Kwafi ya durƙusa. "Baffa, na zo in ba ka haƙuri ne. Ba zan iya ce mata ta janye ba. Na san abin da ke cikin janyewa, ni na ɗanɗana. Ina son ta, kuma zan jira har ta gama, in Allah ya sa rabona ce."

Fuskar Baffa ta haɗe kamar hadari.

"Kai ɗan talakan banza, ni za ka koya wa yadda zan tafi da gidana? To ka jira! Ka jira har gemunka ya yi fari. In na sake ganin ƙafarka a ƙofar gidana, sai na sa an kama ka. Tashi ka ba ni wuri!"

Ya tashi ya fita da ladabi kamar yadda ya shigo, amma zuciyarsa ta yi sauƙi.

Wanda bai san son zuciya ba zai ce a nan Baffa zai tsaya. Ina! A ranar ya kira mai gyaran wuta, ya ce wai ɗakin baya ne ke cinye masa kuɗin lantarki, aka cire wayar. Ɗakin uwar da ta haife shi! Kafin la'asar firji ya yi shiru, ƙanƙarar ta narke, ruwa ya bi ƙarƙashin tabarma har bakin ƙofa. Masu saye suka zo suka koma. Kaka ta zauna a kan kujera ta ɗaga ƙafafu, tana kallon jarinta yana malala, ta ce "Allah ya isa" a hankali, sannan ta yi sauri ta ce "Astagfirullah," don ko lalacewa ya yi ɗanta ne.

Kwanaki suka shuɗe a haka. Shinkafa ta ƙare, aka koma shayi ba madara. Takwara tana tafiya makaranta a ƙafa, ta zauna a lakca cikinta na ƙugi. In ta zo ƙofar jami'a sai ta tsallaka ɗaya gefen titin don kada ta bi ta gaban shagon kwafi. Ba ta san ya je wurin Baffa ba, shi kuma kunya ta hana shi tare ta.

Wata rana da safe ta ga Kaka ta juya baya tana kaɗa ruwan zafi da sukari kaɗai, ta miƙo mata ragowar burodin jiya ta ce ita ta ƙoshi. Nan haƙurin Takwara ya ƙare.

"Kaka, zan janye. Ba zan zauna ina kallon ki da yunwa saboda takarda ba."

"Ki janye in ga wanda zai sake kiran ki Takwara! Sunana ba na matsorata ba ne. Ubanki yana kwance a asibiti ba abin da yake faɗa sai 'Inna, karatun yarinyar nan.' Yunwa kuma yau na fara ganin ta?"

Ba su rufe baki ba sai ga sallama daga waje. Mai kura ne, ya ce an aiko shi ɗaukar firji. Kaka ta leƙa, ta hango Mai Kwafi can a tsallaken titi, ya tsaya daidai inda ba za a ce ƙafarsa ta taka ƙofar gidan ba. Ta saɓa mayafi ta tsallaka.

"Kaka, ina kwana? Jiya Injiniya ya zo kwafin takardunsa ya gaya mini abin da ya faru, yana ta ƙwalla. Shagona akwai wuta, ɗalibai kuma kullum ƙishirwa suke ji. A kai firjin can, in riƙa sayarwa ina aiko miki da cinikin."

"Ba kai ne aka ce ka sha shayi ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Na sha, Kaka. Na kuma koma na gaya masa ba zan iya ba, shi ne ya kore ni. Ki ce mata kada ta janye. Ko da ba ni za ta aura ba, kada ta janye."

Takwara tana bayan ƙyauren ƙofa, ta ji komai. Ta toshe bakinta da mayafi, hawaye na zuba, ba ta fito ba. Da yamma dai da za ta wuce gida ba ta tsallaka titi ba. Ta tsaya gaban shagon, ta ga firjin babanta ya matse injin kwafi a lungu, ta ce, "Oga, ruwan sanyi nawa ne?"

"Na masu fushi kyauta ne."

"To ba ni biyu, don fushin da saura."

Ranar tantancewa ta zo. Babban zauren hukumar ya cika da ɗalibai da iyaye, kowa rungume da fayil, ana kira gida gida. Baffa ya sa wata tsohuwar riga mai ƙoƙewar wuya wadda Takwara ba ta taɓa ganin sa da ita ba, ya bar motarsa can nesa ya ƙaraso a ƙafa. Injiniya na biye da shi kai a ƙasa. Kaka ma ta ce sai ta zo, ta zauna a bencin baya da sandarta. A hanya Baffa ya matso kusa da Takwara, murya ƙasa ƙasa.

"Uwata, kalma ɗaya ce. Ki faɗa, yau a mayar muku da wuta, a sa rana."

Ta ƙara sauri ta wuce shi.

Mutum uku ne a teburin kwamiti, shugabarsu wata mata mai tabarau da furfura kaɗan a goshi, wadda ka gan ta ka san ta gaji da jin ƙarya. Ta duba fayil biyu da ke gabanta.

"Gida ɗaya, ɗalibai biyu. Kun san doka. Wadda ke kai ita ke da gurbi, sai in ta janye." Ta dubi Takwara ta saman tabarau. "'Yata, ba mai tilasta miki a nan. Kin janye?"

Zauren ya yi mata tsit a kunne. Ta ji idon Baffa a ƙeyarta. Ta tuna ɗakinsu ba wuta, ta tuna manyan Mai Kwafi da aka sha mayarwa, ta san in ta faɗi abin da ke ranta wataƙila auren ya tafi ke nan. Muryarta ta fito siririya.

"Ban janye ba."

"Ɗaga murya."

"Ban janye ba, ranki ya daɗe!"

Baffa ya zabura kamar an tsikare shi. Da mai hankali ne da ya haɗiye, ya koma gida ya biya wa ɗansa. Amma kwaɗayi ya riga ya rufe masa ido, sai wata dabara ta faɗo masa, ya ɗauka ya fi kowa wayo.

"Ranki ya daɗe, akwai kuskure! Ai ba gida ɗaya ba ne. Yarinyar nan ba 'yar gidana ba ce!"

Takwara ta juyo ta dube shi. Ko marin ta ya yi da ya fi mata sauƙi.

"A fayil an rubuta kai ne mai riƙon ta," in ji shugabar.

"Taimako ne kawai na yi aka sa sunana. 'Yar wani ce, ubanta ya mutu. Ɗaki na ba su aro ita da kakarta. Tukunyarsu daban, tawa daban."

"Ba kai ke ciyar da ita ba?"

"Ko ƙwayar shinkafa!"

"Sutura? Magani? Ita tsohuwar fa?"

"Ba ruwana da su, wallahi tallahi. Su ke riƙe da kansu. Ga ɗana nan, ku tambaye shi!"

Shugabar ta dubi Injiniya. Yaron ya ɗago, idonsa ya yi ja.

"Gaskiya ne. Ko wutar ɗakinsu an yanke." Ya juya ga ubansa. "Baba, ni ban taɓa cewa a ƙwace mata ba."

"Rufe mini baki!"

Abin haushi, duk tsawon shekarun nan yau ce rana ta farko da Baffa ya faɗi gaskiya game da ɗakin baya, kuma don mugunta ya faɗe ta. Shugabar ta yi magana da abokan aikinta a hankali, ta yi rubutu, ta sa Baffa ya sa hannu a kan abin da ya faɗa. Ya sa da sauri, har yana murmushi.

"To, mun raba," ta ce. "Ita da kakarta gida guda ne, marainiya ce ba mai riƙo. Gurbinta yana nan, kuma daga bana za a ƙara mata da kuɗin abinci da na ɗakin kwanan ɗalibai, wanda tun farko ya kamata ta samu."

"Madalla," in ji Baffa. "Sai na ɗana."

"Ɗanka kuma za a auna shi da gidanka. Da, gidanka ya shiga layin masu buƙata ne saboda ka ce kana ɗauke da tsohuwa da marainiya. Yanzu ka sauke su da bakinka. Abin da ya rage mai shago biyu ne da ɗansa. Tallafin nan ba na irinku ba ne, malam. Na gaba!"

Baffa ya tsaya baki buɗe cikin tsohuwar rigarsa. Garin neman gira ya rasa ido. Ya fara "Ranki ya daɗe, ba haka nake nufi ba," amma tuni wani gidan ya matso teburin.

Takwara ba ta yi murna a lokacin ba. Ta fito farfajiya ta jingina da bango tana kuka mai cin rai, tana maimaita "'yar wani, Kaka, 'yar wani ya ce." Kaka ta rungume ta. Sai ga Baffa ya fito yana huci, ya nuna ta da yatsa.

"Kin kyauta! To aure kuma ki ga wanda zai ba da ke. Muddin ina numfashi, mai kwafin nan..."

Kaka ta buga sandarta a ƙasa.

"Auren wa? Auren 'yar wani? Kai da ka rantse gaban hukuma ba ruwanka da ita, ka sa hannu ina kallo? Magana zarar bunu ce, ɗan nan. Ƙanin kakanta, marigayi mijina, yana nan da ransa, shi zai ba da ita ranar da ta ga dama. Kai kuma ka je ka ji da simintinka."

Mutane suka tsaya kallo. Baffa ya duba hagu ya duba dama, bai ga fuskar da ta tausaya masa ba, ya juya ya nufi inda ya ɓoye motarsa.

A makon nan Kaka ta kwashe kayanta ta koma gidan ƙanin mijinta, Takwara ta koma ɗakin kwanan ɗalibai. Baffa ya biya wa Injiniya kuɗin makaranta daga aljihunsa, ko girgiza shagunan ba su yi ba. Ƙanin kakan ya kira Mai Kwafi ya ce in yana so ko gobe a ɗaura. Mai Kwafi ya ce a'a, ya yi alkawarin jira, a bar ta ta gama hankalinta kwance. Ummansa ta yi mita har ta gaji, daga baya ita ce mai aika wa Takwara abinci lokacin jarabawa.

Ranar yaye su Takwara, a karo na farko kan Mai Kwafi bai yi ciwo ba. Ya rufe shagon dai, amma a cikin zauren aka gan shi, ya fi kowa tafi. Ba a jima ba aka yi auren, ta kuma samu aiki a lab ɗin wani asibiti. Baffa ya zo wurin ɗaurin auren ya zauna a baya kamar baƙo. Da ta je gaishe shi ya ce "uwata" a hankali, karo na farko ba tare da yana neman komai ba. Ta amsa, ta durƙusa ta gaishe shi, don ita ba ta taɓa cewa shi ba Baffanta ba ne.

Da shekarar karatu ta zagayo, wata safiya Takwara ta ajiye wa mijinta fayil kusa da kofin shayinsa.

"Na mene ne?"

"Gida ɗaya, ɗalibi ɗaya. Gidan nan namu sabo ne, kuma ba ɗalibi a cikinsa. Na je na tambaya, sun ce wanda ya janye don ɗan'uwa yana iya dawowa, albashina na farawa kuma bai kai ya fitar da mu daga layi ba."

"Takwara, na tsufa da zama a aji! Yaran da nake buga wa handawut su zama 'yan ajinmu?"

"Ai ka riga su karantawa. Tashi ka sa riga, Oga."

Zauren nan ne dai, da matar nan mai tabarau, furfurarta ta ƙaru. Ta duba fayil, ta ɗago ta daɗe tana kallon Takwara.

"Ke ba ke ce 'ban janye ba'?"

"Ni ce, ranki ya daɗe."

"To yau kuma wa gidan ya tsayar?"

Takwara ta dubi mutumin da ke tsaye gefenta, babba da shi, yana ta ƙoƙarin ɓoye hawaye da fayil.

"Mijina," ta ce. "Shi ma ya daɗe yana jira."

Haka Allah ke yi wa masu haƙuri. Wanda ya kai hannu bakin maraya don ya ƙara wa nasa, ƙarshenta nasa bakin ne zai tona shi. Ke kuma 'yar'uwa, duk wanda ya ce yana son ki amma sai kin ajiye abin da zai ɗaga ki, ki dube shi da kyau. Mai son ki da gaske zai jira, ko da a tsallaken titi ne. Firjin nan kuwa har yau yana shagon kwafi, Kaka ce ke zama a wurin in mai shagon ya tafi lakca, kuma ba ta ba da bashi.